Tambaya a kan binciken Robert Plomin: shin ƙoƙarin yaro a makaranta gado ne?

Malam Habibu, daga ƙasar Gumel

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena malamai da 'yan'uwa da ke wannan zaure. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, shekarata goma sha huɗu ina koyarwa, kuma yanzu ina ƙaro karatu a lokutan hutu. A darasin ilimin halayyar yara ne aka ba mu aikin karanta wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Plomin, wanda ya shafe rayuwarsa yana binciken tagwaye domin ya gano yawan abin da yaro ke gada daga iyayensa na basira da hali. Abin da na fahimta, gwargwadon Turancina, shi ne yana cewa fiye da rabin bambancin da ake gani tsakanin yara a sakamakon jarrabawa daga ƙwayoyin halitta yake fitowa, kuma tarbiyyar gida ba ta sauya yaro kamar yadda muke zato.

Da a ce maganar jarrabawa ce kawai, da na haddace na rubuta na wuce. Abin da ya sa ta tsaya mini a rai shi ne, a makon da nake wannan karatu wani magidanci ya same ni a gindin darbejiyar makaranta, ya ce ya zo ya cire ɗansa da ke aji huɗu. Ya ce mini: "Malam, ka daina wahalar da kanka, wannan yaron kansa ba ya ja. Dangin uwarsa ya ɗebo, babu wanda ya taɓa yin karatu a cikinsu. Ga wansa nan uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne na ɗaya a ƙaramar sakandare." Yana son yaron ya koma kiwon awaki, ranar Alhamis kuma ya riƙa bin kawunsa kasuwar Maigatari. Na roƙe shi ya ba ni mako biyu, ya amince saboda mutuncin da ke tsakaninmu.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, mene ne matsayin wannan mutum a wajen masana, shin maganarsa karɓaɓɓiya ce ko kuwa ra'ayinsa ne shi kaɗai? Na biyu, wanda ya fi damuna, shin bincikensa ya gaskata maganar wannan magidanci? Idan ya gaskata ta, ban san da wace hujja zan koma wajensa ba. Ina roƙon masu ilimin abin su warware mini, Allah ya saka da alheri.

Malam Nasiru, daga Dambatta

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Allah ya ƙara maka kishin ɗalibanka. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga masu neman shaidar malanta, don haka zan amsa tambayarka ta farko da ɗan tsawo, domin amsar ta biyun a cikinta take.

Plomin babban mutum ne a fagensa. An haife shi a Shikago a 1948, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Teksas da ke Austin a 1974, sannan ya koma Jami'ar Kolorado inda shi da John DeFries suka fara bibiyar yaran da aka ba wasu iyalai riƙo tun suna jarirai, a 1975. Sun bi gidaje 245 na masu riƙo, suka kwatanta su da wasu gidajen da iyaye ke renon 'ya'yan cikinsu. Abin da suka buga a 1997 ya girgiza mutane da yawa: yaran riƙon suna ɗan kama da masu riƙonsu ta fuskar basira tun suna ƙanana, amma kafin su kai shekara 16 wannan kamannin ya gushe, sai suka ƙara kama da iyayen da suka haife su, waɗanda ba su zauna da su ba. A 1994 ya koma Landan, ya kafa binciken da ake kira TEDS, wanda ke bibiyar tagwaye sama da 10,000, wato bibbiyu sau 10,000, da aka haifa a Ingila da Wales tsakanin 1994 da 1996. Har yau ana bin rayuwarsu, sun zama magidanta. A wani jeri da aka fitar a 2002 na fitattun masana halayyar ɗan Adam ɗari na ƙarni na ashirin, shi ne na 71.

Dabarar binciken tagwaye mai sauƙin fahimta ce ga Bahaushe, tunda babu ƙauyen da babu Hassan da Husaini. Akwai tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda har uwarsu kan ɗaura wa ɗaya zare a hannu don ta rarrabe su, waɗannan ƙwayoyin halittarsu kusan ɗaya ne. Akwai kuma na ƙwai biyu, waɗanda kamanninsu bai wuce na wa da ƙane ba. Dukkansu ciki ɗaya suka kwanta, gida ɗaya suka tashi, nono ɗaya suka sha. Idan aka auna dubban irin waɗannan aka tarar na ƙwai ɗaya sun fi kusa da juna a karatu fiye da na ƙwai biyu, to wannan ƙarin kusancin shi ake jinginawa ga gado. Ta wannan hanya ne shi da ɗalibansa suka buga a 2013 cewa, a jarrabawar da yaran Ingila ke yi suna da shekara 16, kusan kashi 58 cikin ɗari na bambancin maki a manyan darussa yana da alaƙa da gado. Wannan shi ne adadin da ka karanta, kuma ba shi kaɗai ya same shi ba. A 2015 wasu masana suka tattara binciken tagwaye na shekara hamsin, rubuce-rubuce 2,748, suka tarar matsakaicin kason gado a dukkan siffofin da aka auna kashi 49 ne cikin ɗari.

Amma a ganina babban tasirinsa bai tsaya a waɗannan adadi ba. Yana cikin wata maƙala da ya rubuta da Denise Daniels a 1987, wadda takenta tambaya ce: me ya sa 'ya'yan gida ɗaya suke bambanta haka? Kafin wannan lokaci, masu nazarin yara sun saba da wata hanya. Za su je gidaje su ga cewa iyayen da ke karanta wa 'ya'yansu littafi, 'ya'yan sun fi iya karatu, sai su yanke hukunci cewa karanta littafin ne ya jawo haka. Plomin da abokan aikinsa suka ce a dakata, ai iyayen da suka ba yaron littafi su ne kuma suka ba shi jini, ta yaya za a san wanne ne ya yi aikin? Tun daga nan ya zama duk wanda zai yi iƙirarin cewa wani salon tarbiyya ne ya haifar da wani hali, sai an tambaye shi yadda ya cire tasirin gado daga lissafinsa. Wannan ya sauya yadda ake tsara bincike a fagen gaba ɗaya, har ga waɗanda ba sa ga maciji da shi.

Abu na biyu da maƙalar ta nuna shi ne, muhalli yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai mafi yawan ƙarfinsa yana cikin abubuwan da kowane yaro ke haɗuwa da su shi kaɗai: ciwon da ya kama ɗaya ya bar ɗaya, abokan da kowa ya zaɓa, malamin da ya ja wannan a jiki ya yi wa wancan tsawa. Mu nan mun san yadda ake kunyar ɗan fari a shagwaɓa auta, alhali rufin ɗaki ɗaya ne ya rufe su. Plomin da abokan aikinsa sun kuma bayyana tun a 1977 cewa yaro da kansa yana jawo irin muhallin da zai samu, abin da Sandra Scarr da Kathleen McCartney suka faɗaɗa a 1983. Almajirin da harshensa ya yi saurin kama karatu, shi malam zai fi biya wa allo, sai ya ƙara nisa, har a kasa gane ina baiwa ta tsaya ina kulawar malam ta fara.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Binciken Plomin bai gaskata maganar magidancin nan ba, kuma shi kansa Plomin ya sha nanata dalilin. Wannan kashi 58 magana ce a kan bambancin da ke tsakanin dubban yara a wata ƙasa a wani zamani, ba ya gaya maka komai a kan yaro guda da ke zaune a ajinka. Yana bayyana yadda abubuwa suke a inda aka auna, ba ya faɗin yadda za su kasance idan aka sauya yanayi. Raunin gani yana bin jini sosai, amma tabarau yana gyara shi a rana ɗaya. Sannan yaro rabi yake ɗauka daga uwa, rabi daga uba, babu wanda ke ɗebo dangin uwa zalla. A littafin da ya rubuta da Kathryn Asbury a 2013, abin da suka nema shi ne makaranta ta tabbatar kowane yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, sannan ta nemo inda kowa ya fi ƙarfi ta bi da shi ta nan. Babu inda suka ce a mayar da wani gida.

Malama Hadiza, daga ƙasar Ringim

Assalamu alaikum. Malam Nasiru, Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru da bayaninka. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin ƙauye, ban karanta wannan masani ba, amma ina da ja a kan ɗauko sakamakon yaran Ingila a auna namu da shi, kuma ina ganin ka taɓa wurin ka wuce da sauri.

Yaran da aka yi wa wannan bincike kusan dukkansu sun ƙoshi, an yi musu rigakafi, kuma kowannensu ya shiga makaranta mai kujera da littafi yana ɗan shekara biyar. Idan aka daidaita wa yara abinci da lafiya da makaranta, dole abin da ya rage na bambanci a tsakaninsu ya karkata ga abin da aka haife su da shi. Mu kuwa ba haka muke ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57 ne. Duk ranar awo ina ɗaura wa yara tef ɗin auna tamowa a damtse, wanda jan ɓangarensa ke nuna tamowa mai tsanani, kuma daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, sai ka ga tef ɗin yana ta faɗawa kan ja. Ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi yawan gininta ne daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu. Wanda tamowa ta kama a wannan tsakani, ko zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai har ya yi jijjiga, yana iya tashi da rauni a fahimta wanda ba daga uwa ba ne ba kuma daga uba ba. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Akwai wasu tagwaye mata da na sani tun ranar da aka haife su, don a hannuna suka faɗo. Kamarsu ɗaya sak, har kakarsu ba ta rarrabe su sai ta duba kunne. Suna da wata goma sha huɗu ƙyanda ta kama Husaina, ta bi ta da gudawa na makonni, ta daina karɓar nono, muka sa ta a shirin abincin tamowa. Yau shekarunsu bakwai. Hassana ta fi ta tsawo da kusan faɗin tafin hannu, ta kuma riga ta sauke izu biyu a Islamiyya, ita kuwa Husaina tana nan tana fama da ƙananan surori. Duk wanda ya gan su yanzu bai san tarihinsu ba zai ce ɗaya ce mai kai.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne wani aiki da aka koya mana a wajen horo, wanda Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika daga 1986. Sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya irina suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka nemo su, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin ɗari. Don haka, Malam Habibu, kafin a yi maganar dangin uwa, ka nemi uwar yaron ta hannun maiɗakinka a tambaye ta ciwon da ya yi yana ƙarami.

Alhaji Sule, daga Kazaure

Salamu alaikum. Ni dattijo ne, noma nake yi, ina kuma koyar da yara a Islamiyya da yamma. Jikana ne ke karanta mini wannan zaure, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa.

Ɗana Habibu, maganar gado ba baƙuwa ba ce a addininmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, aka ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, aka ce daga ina ya samo wannan launi, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai aka ce masa ɗanka ma wataƙila haka ne. A cikin littattafan nan guda biyu kuma aka ruwaito cewa kowane yaro ana haifarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke juya shi. Malamanmu sun riƙe hadisan biyu tare, ba su ga karo a tsakaninsu ba.

Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne kalmar gado ɗin kanta, domin mu Hausawa abu biyu muke kira da ita. Idan muka ce ƙira gado ce, ko wanzanci, ko fawa, ba muna nufin an haifi yaro da guduma a hannu ba. Ɗan maƙeri yana da shekara biyar yake zama a bakin zugazugi, yana kallon yadda ƙarfe ke sauya launi, kafin ya kai goma sha biyar hannunsa ya faɗa. Sai mu ce ya gaji ubansa. To dangin uwar yaron nan da aka ce babu wanda ya yi karatu a cikinsu, a tambaya mana, akwai makaranta a garinsu lokacin da suke yara? Idan babu, rashin karatunsu rashin makaranta ne, ba a san abin da ke kansu ba tunda ba a taɓa gwadawa ba. Kuma ina jin wa uwar yaron ciwon wannan magana, domin irinta ce ke sa mace ta ƙasƙanta a gidan mijinta a kan abin da ba ta da hannu a ciki.

Ta wajen noma kuwa, bara na sayi irin gero sosat mudu guda, na raba biyu. Rabi na shuka a gonar bayan gida inda ake zuba takin dabbobi duk rani, rabi a wata gona mai nisa da ƙuduji ya cinye. A gonar bayan gida, zangarniyar da ta fi wata tsawo za ka iya cewa ƙwayar irin ce ta fi kyau, tunda ƙasarsu ɗaya ruwansu ɗaya. Amma idan ka ɗauko dami daga can ka ajiye kusa da na nan ka ce irin ne ya bambanta, ka zalunci irin. Wannan ne ya kawo ni ga tambayar da ban ji kowa ya yi ba. An ce yaran uwa ɗaya uba ɗaya ne. To gida ɗaya suka tashi? A ƙasarmu ɗan fari ba kasafai yake girma a gaban uwarsa ba.

Malam Nasiru, daga Dambatta

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Misalinka na gonaki biyu shi ne ainihin inda masana suka fi kai ruwa rana da Plomin. Malama Hadiza kuma, na karɓi gyaranki, gaskiya ne na taƙaita a inda bai kamata ba.

A 2003 Eric Turkheimer na Jami'ar Bajiniya ya buga wani bincike a kan tagwaye 'yan shekara bakwai a Amurka, da yawansu daga gidajen talakawa. Ya tarar a gidajen da ke cikin matsanancin talauci kusan kashi 60 cikin ɗari na bambancin basira daga yanayin gidan yake, kason gado kuwa ya yi kusa da sifili, a gidajen masu hali kuma abin ya juya. Da aka tattara irin waɗannan bincike a 2016, sai aka ga wannan yanayi ya tabbata a Amurka amma bai bayyana a yammacin Turai da Ostireliya ba, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin lafiya da karatun ɗan talaka. Haka kuma Michael Rutter, wanda ya yi aiki da Plomin a cibiya ɗaya a Landan, ya bibiyi marayun Romaniya da iyalan Birtaniya suka ɗauka bayan faɗuwar gwamnatin ƙasar a 1989. Waɗanda aka fitar daga gidajen marayun kafin su cika wata shida sun kamo tsaransu, da yawa daga waɗanda suka daɗe a ciki kuwa sun girma da matsaloli. Plomin bai musa wannan ba, yana cewa sakamakonsa ya shafi gidajen da ke cikin yanayi na yau da kullum ne, ban da inda ake yunwa ko cin zarafi. Matsalar ita ce abin da ya ware a matsayin togaciya shi ne rayuwar yara da yawa a ƙauyukanmu.

Inda ni kaina na rabu da shi shi ne littafinsa na 2018 mai suna Blueprint, wanda a ciki ya ɗora babban fata a kan gwajin ƙwayoyin halitta da zai yi hasashen karatun yaro tun yana jariri. A shekarar ce aka buga wani bincike na mutum miliyan 1.1, wanda ma'auninsa ya iya bayyana kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari kacal na bambancin yawan shekarun karatu. Mutanen kuma duk 'yan asalin Turai ne, kuma an tabbatar irin wannan ma'auni yana rasa mafi yawan ƙarfinsa idan aka gwada shi a kan 'yan asalin Afirka. Wannan ya sha bamban da gwajin jinin sikila da muke yi kafin aure, inda ƙwayar halitta guda ce ke yanke hukunci. Basira dubban ƙwayoyi ne ke taruwa a kanta, kowace da ɗan tasirin da bai taka kara ya karya ba.

Ga kuma hujjar da za ka kai wa magidancin, Malam Habibu. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun tattara bayanan mutum sama da 600,000, suka nuna cewa kowace shekara guda da yaro ya ƙara a makaranta tana ɗaga makinsa a gwajin basira da maki 1 zuwa 5. Zaman ajin da kansa yana ƙara kaifin kai, ko yaron na ɗaya yake zuwa ko na ƙarshe.

Malam Habibu, daga ƙasar Gumel

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, tambayarka ta sa na ji kunyar kaina, domin shekara huɗu yaron yana gabana ban taɓa yin ta ba. Na bincika, wan nasa tun da aka yaye shi aka kai shi riƙo wajen ƙanin uwarsa a cikin garin Gumel, a can ya yi firamare, sai hutu yake zuwa ƙauye. Wato dangin uwar da ake zargi su ne suka reni wanda ake yabo. Maiɗakina kuma ta je wajen uwar kamar yadda Malama Hadiza ta ba da shawara, ta ce yana da shekara uku ya yi zazzaɓi mai tsanani da damina har ya yi jijjiga, kuma tun daga nan kunnensa na hagu yakan yi ruwa lokaci zuwa lokaci.

Jiya bayan an tashi na tsayar da shi, na ajiye littafi gefe, na ce masa an sayar da awaki uku a kan kuɗi kaza kowace, dillali zai cire la'adarsa kaza, nawa mai awakin zai koma da shi gida? Kafin in gama rubuta lissafin a allo ya ba ni amsa, kuma daidai ne. Na sauya adadin har sau huɗu, bai kuskure ba. Da na buɗe masa littafin Hausa na aji biyu kuwa, sai ya tsaya yana bin baƙaƙen da yatsa, yana rikita wasu da wasu. Ajin nan yara sun haura tamanin, kuma a can baya jikin bango yake zama.

Na je na sami mahaifinsa bayan sallar isha'i, na faɗa masa abin da na gani, na kuma kawo masa misalin gonakin Baba Alhaji, ya yi shiru ya daɗe. Mun tsaya a kan cewa yaron zai ci gaba har ya gama aji shida, ranar Alhamis kawai zai riƙa bin kawunsa kasuwa. Ni kuma na dawo da shi layin gaba, zan riƙa zama da shi rabin awa bayan la'asar muna bin baƙaƙe.

Malama Hadiza, daga ƙasar Ringim

Alhamdu lillahi. Malam, maganar kunnen nan kada a bar ta. Yaron da kunnensa ke ruwa shekara da shekaru yana iya rasa wani ɓangare na jinsa ba tare da kowa ya lura ba, kuma wanda ba ya jin sautin baƙi sosai zai sha wuya wajen haɗa shi da rubutunsa. A kai shi babban asibiti a duba kunnen da idon gaba ɗaya, a kuma hana zuba masa mai ko wani magani na gida a ciki kafin a je. Wajen zama kuma, ka sa shi ta inda kunnensa na dama zai fuskanci inda kake tsayawa.